Kwallar Inna

A bayan tashar jirgin ƙasa, Sabon Gari,
kan kwalin sabulu aka fara raba mini karta.
Ina aji biyu a Samaru, ina karatun lissafi,
kuɗin aljihuna bai kai na kwanon shinkafa ba.
Wani tsohon direba, Baba Tanimu mai haƙorin Makka,
ya ce, "Yaro, bar kallon zi da kubi.
Kalli maƙogwaro. Takarda ba ta haɗiyar yawu."
Na riƙe wannan fiye da duk abin da aka rubuta mana a allo.

Shekara goma sha tara ina zaune.
Sana'ata ke nan: zama.
Legas, Akara, wani otal a bakin teku
inda ba taga, ba agogo, ba a jin kiran salla,
sai koren tebur kamar fadamar da ba ta san fartanya ba.
Mutum ɗari uku da hantsi,
tara in dare ya raba.
Sun ce foka sa'a ce. Su yi ta faɗa.
Sa'a baƙuwa ce, haƙuri ne ɗan gida.
Na kife hannu dubu don in buga guda.

Nakan gane mai burga daga yadda yake ajiye kofi.
Wani Bature ya ɓuya bayan baƙin tabarau,
yatsunsa suka ba ni labarinsa har da na kakansa.
A Kasabalanka na tura duk abin da na mallaka tsakiya
da bakwai da biyu a hannu, wato iska,
fuskata kamar dutsen Kufena.
Ya daɗe yana kallona, ya jefar da sarakuna biyu.
Na kwashe.
A banɗaki na yi amai.

Akwai shekarar da na ci gasa, aka ɗauke ni hoto da kofi.
Akwai shekarar da na sayar da agogo, da takalmi, da kofin,
na sauka Kwangila daga bayan mota
cikin kwandunan tumatir da aka juye a Kudu.
Wannan ba wanda ya ɗauka.

Amma duk wata, a ci ko a cinye ni, ina aika wa Inna.
In na zo Tudun Wada sai ta sa a shimfiɗa mini tabarma,
tuwon masara, miyar kuka, man shanu,
ta ce, "Lurwanu, saƙo ya iso. Allah ya shirya."
Ta mayar da kai kan ɗinkin hularta.
Na duba maƙogwaro. Na duba yatsu.
Allura na shiga, allura na fita.
Ban ga komai ba.

Ran sadakar bakwai, bayan an watse,
ƙanwata Uwani ta kira ni ɗaki,
ta jawo kwalla daga ƙarƙashin gado, ta buɗe,
ta koma bakin ƙofa ta tsaya.

Duk suna nan.
Ɗauri-ɗauri da zaren hula,
kowanne da watansa a rubuce da ajami,
har da tsofaffin takardun da banki ya daina karɓa.
Ko naira ɗaya ba ta taɓa ba.
Ashe tuwon da na yi ta ci
daga bakin allura ya fito.

Na zauna da gwanaye a ƙasa bakwai,
ban ga wanda ya riƙe hannunsa haka ba:
shekara sha tara, ba ƙifta ido,
ba faɗa, ba gori,
tana ƙara mini miya.

Yanzu ina koya wa yara lissafi a Gyallesu.
Kwallar na nan inda take.
Uwani takan tambaye ni, "Yaya, me za a yi da su?"
Mai rabo ya gama rabo, kowa ya yi shiru, ni ake jira.
Har yau ban buga ba,
ban kuma kife ba.